WA YA SHAIDI MAI SHAIDA?

Tambayar da za mu tattauna a wannan maƙala tsohuwa ce, ko da yake rigar da ta sanyo sabuwa ce. Idan baƙo ya zo maka ya ce shi wane ne, ka nemi shaida, ya kawo wanda zai shaide shi, to shi mai shaidar wa ya shaide shi? In an kawo na uku, shi kuma fa? Ina maganar za ta tsaya?

Kada mai karatu ya ɗauka wannan wasa ƙwaƙwalwa ne kawai. Duk lokacin da ɗayanmu ya buɗe shafin bankinsa a intanet, wayarsa sai ta yi wannan tambaya kafin ƙiftawar ido, ba tare da ya sani ba.

Ga yadda abin yake. Shafin da adireshinsa ya fara da https yana miƙo wa wayarka takardar shaida. A cikinta akwai sunan shafin, da mabuɗinsa na fili, da ranar da takardar za ta daina aiki, da sa hannun wata hukumar ba da shaida. Sa hannun nan na lissafi ne, ba ya ƙagguwa sai ga wanda ya mallaki mabuɗin sirri na hukumar. Ita ma hukumar tana da tata takardar, wadda wata ta gaba da ita ta sa wa hannu. Haka wayar za ta yi ta bin sarƙar, tana duba kowace gaɓa, har ta iso ga takardar tushe. To, ita takardar tushe wa ya sa mata hannu? Ita ta sa wa kanta. Wato dai mai shaida na ƙarshe cewa yake yi, "Ni ne na shaidi kaina."

Me ya sa wayar ta yarda da shi? Domin kamfanonin da suka yi manhajar, irin su Apple da Google da Microsoft da Mozilla, sun zuba mata jerin tushe fiye da ɗari tun kafin ta zo hannunka. Ashe ke nan ƙarshen lissafin duk bai wuce amana ba. Ka amince da mutanen da ba ka taɓa gani ba, su kuma sun amince da wasu a madadinka.

Ɗalibin da ya karanta ilmin hadisi ba zai ji wannan baƙo ba. Malaman isnadi sun san cewa rauni a mai ruwaya ɗaya yana raunana silsila duka, kome nagartar sauran. Shi ya sa suka kafa ilmin jarhi da ta'adili, suna bin tarihin kowane mutum, suna tambayar ko ya sadu da wanda ya ce ya ji daga gare shi. Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci. A tsarin intanet, kowace hukuma da ke cikin jerin nan tana da ikon shaidar kusan kowane shafi a duniya. Saboda haka ƙarfin tsarin gaba ɗaya bai wuce ƙarfin mafi sakacinsu ba. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

An ga haka a shekarar 2011. Wani ɗan kutse ya shiga kwamfutocin DigiNotar, wata hukumar ba da shaida a ƙasar Holan, ya fitar da takardun ƙarya fiye da 500, ciki har da ɗaya da sunan Google. Da ita aka tare hanyar masu amfani da Gmail a ƙasar Iran. Binciken kamfanin Fox-IT ya nuna adireshin intanet wajen 300,000 abin ya shafa, kusan dukkansu a Iran. Mutum yana rubuta wasiƙarsa, wayarsa ta tabbatar masa cewa hanya lafiya, alhali akwai mai leƙe a tsakani. A ƙasar da magana kan kai mutum kurkuku, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin lura a nan shi ne, kamfanin ya gano kutsen tun watan Yuli, amma ya yi shiru. Sai ƙarshen Agusta asiri ya tonu, lokacin da wani mutum a Iran ya ga gargaɗi daga manhajar Chrome ya sanar da jama'a. Nan da nan aka cire DigiNotar daga jerin amintattu, kafin watan Satumba ya ƙare kamfanin ya karye. A ganina babban laifinsa shi ne shirun nan. A yi maka sata ƙaddara ce da kan sami kowa, ko da yake sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma ka san an sace hatiminka ka ƙi faɗa, wannan cin amana ne, domin mutuncinka ka tsare da lafiyar waɗanda suka dogara da kai.

Wani zai ce, tun da haka ne, ai hankali shi ne kada a yarda da kowa. Wannan magana tana da daɗin faɗa, amma ba ta aikatuwa. Wanda ya ce sai ya tantance kome da kansa, ba zai sha maganin likita ba, ba zai hau motar haya ba. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Unix, ya nuna a 1984 cewa ko ka karanta rubutun manhaja layi-layi, kayan aikin da ka harhaɗa ta da su suna iya yaudararka. Mutum ba shi da mafita daga amincewa. Abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi irin amincewar da zai yi.

Amana ta hankali, a ra'ayina, tana da sharaɗi uku. Na farko, a iya ganin aikin wanda aka ba ta. Bayan abin da ya faru a Holan, Google ya fito da tsarin rubuta takardun da aka bayar a kundin da kowa zai iya dubawa, kuma daga 2018 Chrome ya wajabta shi. Na biyu, a iya karɓe ta ko daga babba. Symantec yana cikin manyan masu ba da shaida a duniya, amma da aka same shi da sakaci, aka daina yarda da takardunsa a 2018. Na uku, ta kasance mai wa'adi. A 2020 an taƙaita rayuwar takardar shafi zuwa kwana 398, a 2025 kuma aka amince a rage ta sannu a hankali zuwa kwana 47 nan da 2029. Wanda yake amintacce bara ba lalle ne ya zama amintacce bana ba.

Saura kuma mu waiwayo kanmu, musamman 'yan'uwa ɗalibai masu koyon rubuta manhaja. Sau da yawa haɗi kan ƙi yiwuwa domin an manta da takardar tsakiya, ko wa'adin wata ya cika, kamar yadda tsofaffin na'urori da yawa suka rikice ranar 30 ga Satumba 2021 da wa'adin wani tsohon tushe da Let's Encrypt ya dogara da shi ya ƙare. A irin wannan hali akwai hanya mai sauƙi: layi ɗaya za ka rubuta ka kashe tantancewar, aiki ya tafi, malami ya ba da maki. A 2012 masu bincike daga jami'o'in Texas da Stanford sun samu manhajoji da dama, har da na harkar kuɗi, waɗanda ba sa tantance takarda yadda ya kamata. Wanda ya kashe tantancewa ya zama mai ruwayar da ya ce "an gaya mini" bai tambayi wa ya faɗa ba. Shi ya huta, amma mai amfani da manhajar, wanda bai san an yi ba, shi zai biya.

To, wa ya shaidi mai shaida? Ba mutum ɗaya ba ne, jama'a ce mai sa ido, wadda take iya cewa "mun fasa". Kowane ɗayanmu kuwa gaɓa ne a wata sarƙa: malamin da ya sa hannu a takardar ɗalibin da bai sani ba, da ɗalibin da ya kawo magana bai duba asalinta ba. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.