Mudu Biyu a Kan Keken Ɗinki Ɗaya

Karatu: Fitowa 22:26-27, Ayyukan Manzanni 9:36-42

Yau zan fara da furta laifina, domin darasin nan a gidana na koye shi, ba a makarantar tauhidi ba.

Uwargidana tela ce. Kekenta na ƙafa yana kusurwar falonmu a nan Jos, da shi kuma Allah ya sha rufa mana asiri a watannin da aikin bishara bai kawo ko sisi ba. A wani watan Disamba, ayyuka biyu suka haɗu mata a mako ɗaya. Wata 'yar'uwa ta kawo yadi mai kyau, tana so a ɗinka kayan barci, riga da wando, guda 12, domin 'yarta za ta cika shekara 7, ƙawayenta kuma za su kwana a gidan, kowa sanye da anko. Ta biya kuɗin aiki ba ciniki. A makon nan ne kuma zumuntar mata suka yi alkawarin kai kayan barci guda 20 wani gidan marayu kafin Kirsimeti, aka ɗora wa uwargidana rabin ɗinkin, kyauta.

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin hunturu ya san kayan barci ba ado ba ne. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, kuma da asuba sanyi yakan ratsa har ƙashi. Yaron da ya kwanta da 'yar singileti a kan tabarma, tari ne zai tashe shi.

Da daren Alhamis na iske ta har ƙarfe 11 tana kan keke. Na duba, na ga na bikin ta gama su, an goge, an ninke. Na marayun ne a hannunta, tana bin kowane ɗinki sau biyu, tana kalmasa bakin yadin ta ciki. Sai na ce mata, "Maman yara, waɗannan ai kyauta ne. Ki bi su sau ɗaya kawai ki huta. Wa zai juya cikin riga ya duba?"

Ba ta tsayar da keken ba. Ta ce, "Maigida, fatar yaron ce za ta duba. 'Yar mai bikin nan, in ɗinki ya cije ta da dare, za ta kira mamarta. Wannan wa zai kira?"

Na rasa amsa. Ni da nake hawa bagade ina wa'azi a kan nuna bambanci, ga shi na zo da mudu biyu cikin falona, babba domin mai biya, ƙarami domin maraya. Tun daga daren nan nake juya tambayar a raina: shin abin da muke bayarwa kyauta yana da izinin ya fi wanda muke sayarwa rauni? In kuwa akwai yaran da ba su da abin rufa jiki, ya dace mai bi ya ɗinka kayan biki tun farko?

Bari mu fara da ta biyun, gama na san akwai 'yan'uwa da take damun su. Wasu sukan ce bikin ranar haihuwa ba na masu bi ba ne, suna nuna cewa sau biyu Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin irin wannan biki, duka biyun kuma sun ƙare da jini. A Farawa 40, ranar haihuwar Fir'auna ce aka rataye shugaban masu toye-toye. A Markus 6, ranar haihuwar Hirudus ce aka fille kan Yahaya Mai Baftisma. Gaskiya ne haka aka rubuta. Amma mu duba da kyau. Abin da ya kashe Yahaya shi ne rantsuwar wauta, da ƙiyayyar Hirudiya, da sarkin da ya fi jin kunyar baƙinsa a kan tsoron Allah. Ƙirga shekaru bai kashe kowa ba. A 1 Sama'ila 2:19 mun ga Hannatu tana ɗinka wa Sama'ila 'yar riga kowace shekara, tana kai masa Shilo lokacin hadaya. Kowace shekara sai ta ƙara awo, domin yaron yana girma, kowace riga kuma shaida ce cewa Allah ya ji addu'arta. Uwar da ta tara yara ta gode wa Allah domin 'yarta ta ga shekara 7 ba ta yi zunubi ba. A ƙasar da muka binne jarirai da yawa saboda zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda, shekara 7 abin godiya ce.

Mu tuna kuma da wanda ya fara cewa a sayar da abin murna a ba talakawa. A Yahaya 12, lokacin da Maryamu ta zuba turare mai tsada a ƙafafun Yesu, Yahuza ne ya yi lissafin dinari 300, nassi kuwa ya faɗa mana ba tausayin talakawa ne ya sa shi magana ba. Ba duk mai ɓata fuska a wurin biki ne mai jinƙai ba. Akwai wanda zai yi tsaki a kan kek ɗin maƙwabcinsa, amma bai taɓa taka ƙofar gidan marayu ba.

Ban da haka, kuɗin aikin bikin nan ne ya sayi zare da roba na kayan marayun. Manzo Bulus da kansa mai ɗinkin alfarwa ne, kamar yadda Ayyukan Manzanni 18:3 ya nuna, a Afisawa 4:28 kuma ya koya mana mu yi aiki da hannuwanmu domin mu sami abin da za mu ba mabukaci. Telan da ya ƙi karɓar aikin biya, ba da daɗewa ba zai rasa abin yin kyauta. Don haka ɗinkin biki ba shi ne matsalar ba.

Matsalar tana cikin maganar da na yi da daren nan. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum ya riƙe ma'auni iri biyu a jakarsa ko mudu iri biyu a gidansa. Mukan ɗauka wannan maganar 'yan kasuwa ce, masu buga gindin mudu. Amma mudu biyu yakan shiga ikilisiya ta ƙofar baiko. Idan aka yi shelar tara tufafi domin 'yan gudun hijira, me muke kawowa? Mu faɗi gaskiya. Rigar da maɓallinta ya fita, wandon da zariyarsa ta tsinke, takalmi ƙafa ɗaya, kayan da ko a gwanjon kasuwar Katako ba za a karɓa ba. Mun share ɗakunanmu, mun kira shi sadaka. Annabi Malakai ya yi wa Isra'ila faɗa a kan wannan hali, masu kawo makauniyar dabba da gurguwa a bagade, har ya ƙalubalance su su gwada kai wa gwamnansu irinta su gani ko zai karɓa. Yesu kuwa a Matiyu 25 ya ce tufar da aka sa wa mafi ƙanƙanta cikin 'yan'uwansa, shi aka sa wa. In haka ne, ɗinkin da na ce a bi sau ɗaya, a jikin Ubangijina zai farke.

Wani zai ce, "Mai bishara, ka yi adalci. Kuɗi kaɗan ne, yara da yawa. Yaro ɗan shekara 7 yana cin yadi biyu ko fiye. Wanne ya fi, a ɗinka guda 10 masu kyau, ko guda 20 da za su rufe kowa?" Wannan tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan wuce ta da sauri ba. Gaskiya ne, barin yara 10 cikin sanyi domin a ƙawata wa 10 ba hikima ba ce. Amma akwai bambanci tsakanin ado da ƙwari. Na bikin an sa musu leshi a wuya, an rubuta sunan kowace yarinya a ƙirji. Na marayun ba a yi musu wannan ba, ba kuma wanda aka cuta. Ado ana iya rage shi. Abin da ba a ragewa shi ne yadin auduga mai laushi wanda ba ya ƙaiƙayi, da ɗinkin da ba zai buɗe a wanki na uku ba, da robar ƙugu da ba ta matse ciki, da awo daidai jikin yaro. Uwargidana ta ƙara nuna mini wani abu. Kayan bikin watakila dare ɗaya za a sa su a ɗauki hoto, sai su shiga akwati. Na marayun kuwa kowane dare za a sa, a wanke da sabulun wanki a shanya a rana, in yaro ya girma a miƙa wa na bayansa. To wanne ne ya fi bukatar ɗinki biyu? Ashe lissafina a juye yake.

Allahnmu ya damu da abin da talaka yake kwana da shi. Karatunmu na Fitowa 22 ya umarta cewa in ka karɓi mayafin maƙwabcinka jingina, ka mayar masa kafin rana ta faɗi, domin shi ne abin rufarsa da dare, in kuma ya yi kuka Allah zai ji. Ku lura, bashin yana nan, ba a yafe ba, amma barcin talaka ya fi haƙƙin mai bin bashi. Tun a Farawa 3:21 ma, bayan Adamu da Hawwa'u sun yi zunubi sun haɗa ganyen ɓaure, Allah da kansa ya yi musu tufafin fata. Ba su biya ba, ba su kuma cancanta ba, duk da haka ya ba su abin da ya fi nasu ƙwari. Wannan shi ne alheri, haka kuma aka yi mana a kan gicciye.

A birnin New York na Amurka, wata mata mai suna Genevieve Piturro takan je gidajen da ake ajiye yara marasa galihu tana karanta musu littafi da yamma. Ta lura suna kwanciya da kayan da suka yini da su. Da ta kawo musu kayan barci, wata yarinya ta tambaye ta ko mene ne wannan, domin ba ta taɓa samu ba. Wannan ne ya sa ta kafa ƙungiyar Pajama Program a shekarar 2001. Ko a ƙasar da ta fi mu arziki akwai yaron da ba wanda ya taɓa shirya shi domin barci. Rigar barci tana gaya wa yaro cewa wani ya yi tunaninsa kafin dare ya yi.

Yanzu mu je Yafa, wurin Tabita, wadda ake kira Dokas, wato barewa. Nassi bai ba mu wa'azinta ko ɗaya ba. Da ta mutu aka aika Lidda aka kira Bitrus, matan da mazansu suka mutu suka kewaye shi a bene suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka. Ku yi tunani, 'yan'uwa. Da a ce ɗinkin ganin ido ta yi musu, da me za su nuna? Da tuni ya zama tsumma. Tufafin sun fi ta daɗewa, su ne suka tsaya suka yi mata shaida. Bitrus ya durƙusa ya yi addu'a, ikon Allah ya sauko, Tabita ta tashi, mutane da yawa a Yafa suka ba da gaskiya ga Ubangiji. Mu masu bi na Fentikos muna ƙaunar wannan sashe na mu'ujiza, daidai ne kuma, gama Ruhun da ya yi aiki a Yafa yana aiki har yau. Amma kada mu manta, kafin a yi mu'ujiza a ɗakin nan, an yi shekaru ana zura zare a allura. Saboda ita ne a ƙarni na 19 mata masu bi a Ingila da Amurka suka riƙa kafa ƙungiyoyin ɗinki domin talakawa da sunan Dokas.

Saura gargaɗi ɗaya. Mudu biyu yana iya ɓuya ko a ranar kai kaya. 'Yar mai biki ana ɗaukar ta hoto domin ta ji daɗi. Maraya kuwa sau da yawa ana ɗaukar sa hoto domin mu a yabe mu. Mukan jera yara riƙe da leda, mu sa a Facebook tun kafin mu bar harabar gidan. Matiyu 6 ya ce wanda ya yi haka ya riga ya karɓi ladansa. Idan ba za ka yarda a nuna wa duniya ɗanka yana karɓar sadaka ba, kada ka nuna ɗan wani. Ɗa na kowa ne.

Ga abin da nake roƙon ku. Iyaye, ku yi wa 'ya'yanku biki da godiya, gwargwadon ƙarfinku, ba da bashi ba. Amma ranar da za ku kai yadin anko wurin tela, ku ƙara na yaro ɗaya, daga yadin nan ɗin, ba daga ragowa ba, ku bar ɗanku ya kai da hannunsa. A Luka 14 Yesu ya ce mu gayyaci waɗanda ba za su iya rama mana ba. Teloli, ku karɓi ladan aikinku ba kunya, amma kada allurarku ta san wanda ya biya da wanda bai biya ba. Sauranmu kuma, malamin makaranta, ma'aikaciyar asibiti, makaniki, mai dafa abinci, har da mu masu wa'azi, kowa yana da nasa ɗinkin ciki wanda ba a gani. Ni kaina na gane nakan yi shiri sosai in zan yi wa'azi a babban taro a birni, in kuwa ƙauye ne mai mutum 15 sai in ce Ruhu zai bishe ni. Wannan ma mudu biyu ne, na kuma tuba.

Hausawa sun ce alheri gadon barci ne. Da daren nan uwargidana ta gama wajen ƙarfe 1, ni kuwa na zauna kusa da ita ina zura roba a ƙugun wanduna da fil, domin abin da na iya ke nan.

Addu'a: Ya Uba, uban marayu, kai da ka suturta mu lokacin da ba mu cancanta ba, ka gafarta mana inda muka ba ka ragowa. Ka cire mudu biyu daga zuciyarmu da hannuwanmu. Ka cika mu da Ruhu Mai Tsarki domin mu yi aikin ɓoye da aminci kamar na fili. Ka rufe kowane yaron da zai kwanta cikin sanyi yau da dare, ka kuma yi amfani da mu. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Abin yi a wannan mako: Buɗe akwatinka, ka zaɓi tufa ɗaya da har yanzu kake so, ka wanke, ka goge, ka ba mabukaci ba tare da kowa ya sani ba.