Rufin asiri ne, ko cuta ce?

Yau ina so mu yi shawara a kan wata magana da ta dame ni. Ni malamin yaƙi da jahilci ne a Saga, nan Yamai, bakin kogin Isa.

A ajina na mata akwai wata dattijuwa mai ƙoƙari ƙwarai. Amma kullum tun ba a tashi ba sai ta naɗe tabarmarta ta fita da gaggawa. Ran nan na ce mata, "Inna, lafiya kike barinmu ba mu gama lissafi ba?" Ta yi shiru. Can ta ce, "Malam, jikana na baro a ɗaki, na ja masa ƙofa."

Yaron shekararsa 6. Ba ya magana. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da injin niƙa ya tashi sai ya toshe kunnuwa ya yi ta ihu. Wasu suka ce taurin kai ne, aka yi ta duka. Wasu suka ce iskokin ruwa ne, aka yi turare, har tunkiya aka sayar. Ba abin da ya sake. Daga nan aka rufe shi.

Kada mu yi saurin zagin Inna. Ba muguwa ba ce, kuma tana da hujjarta. In yaron ya fita, yara suna jifarsa. Ga kogi kusa, ga motoci a hanya, shi kuwa bai san hatsari ba. Sannan yana da yayye mata. Ta ce in magana ta bazu cewa akwai mahaukaci a gidan, wa zai zo neman aurensu? A wurinta wannan rufin asiri ne. Mu kuwa mun san darajar rufin asiri, kullum shi muke roƙon Allah.

To, amma asirin wa aka rufa? Na daɗe ina juya wannan tambaya. Na ga na manya aka rufa, yaron kuwa shi ya biya. Yaro da ganin mutane yake koyo, da jin magana, da wasa. Wanda aka kulle shekara guda ya yi asarar koyon shekara guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuma asiri ana rufa shi a kan abin kunya ne. Wane abin kunya wannan yaro ya aikata?

Abubuwa da yawa suna taɓa hankalin yaro. Akwai doguwar naƙuda. Akwai zazzaɓin cizon sauro mai sa suma, da tamowa, da sanƙarau. Kun tuna a 2015 sanƙarau ya yi tsanani har aka rufe makarantun Yamai. Wasu da suka warke daga wannan ciwo kunne ne ya mutu, ana ta yi musu faɗa wai ba su jin magana. A Zamfara ta Najeriya, a 2010, gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara fiye da 400, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar wasu da suka rayu. Akwai kuma tsoro. Bayan ambaliyar 2020, da ruwa ya ci gidaje a nan Saga, na ga yaran da suka koma fitsarin kwance da firgita cikin barci. Wani yaron kuma haka Allah ya halicce shi, ba laifin uwa, ba laifin uba.

Kun ga kowane da tasa hanya. Kurma makaranta yake bukata, kuma akwai ta kurame a Yamai, mai sunan Hasan Bana Ba. Mai farfaɗiya magani yake bukata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin masu farfaɗiya 10, har 7 suna iya daina faɗuwa in suna shan magani daidai. Mai firgita lallashi yake bukata, da wanda zai saurare shi. Yaya za a san wanne ne in ba a duba ba? Bulala dai ba ta iya bambancewa.

Mutane suna tsoron wannan dubawa. Da an ambaci Pabiyon E, sashen masu ciwon hankali na babban asibitin Yamai, sai gaba ya faɗi. Bari in gaya muku yadda ake duba yaro. Likita yana tambayar uwa labarin ciki da haihuwa. Yaushe ya zauna? Yaushe ya yi tafiya? Ya taɓa suma? Ana gwada kunnensa. Ana ba shi kayan wasa, ko takarda da fensir, a zauna a ga abin da zai yi. Yawancin aikin tambaya ne da kallo. Ku fara da likitar unguwarku, su za su nuna muku gaba. Addu'a kuwa ba ta hana zuwa likita, a haɗa su.

Ba zan ruɗe ku ba. Masu wannan sani kaɗan ne a ƙasarmu, yawancinsu kuma suna birni. Akwai kuɗin mota, akwai jira. Wani ciwon ma ba ya warkewa. Jikan Inna, da aka duba shi, an ce mata abin da ake kira otizim ne, kuma ba shi da allura ko ƙwaya mai raba shi da shi. Sai dai an koya mata dabaru: ta yi masa magana gajera, kalma ɗaya ko biyu, tana nuna abin da hannu. Ci da wanka da barci su kasance a kan lokaci guda kullum. A daina duka. In ya yi daidai, a yaba masa nan take.

Saura mu maƙwabta. A ganina ba Inna kaɗai ta ja ƙofar nan ba, da hannunmu a ciki. Da ba mu yi dariya ba, da mun tsawata wa ƴaƴanmu masu jifa, da ba ta ji tsoron bakinmu ba. Ni kaina na sha wucewa ta ƙofar gidan ina jin ihu, ban taɓa tsayawa na tambaya ba.

Yanzu tare suke zuwa aji. Matan sun yi gunaguni kwana biyu, sannan suka saba. Yana zama a gefen tabarma yana jera duwatsun da muke lissafi da su, kuma ba ya yarda a taɓa masa. Likita ya ce a riƙa rubuta ranakun da ya yi ihu da abin da ya jawo. Inna da kanta take rubutawa a bayan littafinta. Har yanzu bai yi magana sosai ba. Makon jiya ta nuna mini shafin, ta rubuta: Talata, ya ce ruwa.