Kaza Mai Ciwo da Hakkin Maƙwabci

Idan hunturu ya kama, ƙura ta rufe gari, akwai wani abin da ya kan faru a ƙauyukanmu kusan kowace shekara. Mutum ya tashi da sassafe ya buɗe akurki, ya tarar kaji biyu sun mutu, uku kuwa sun tsuguna sun saki fukafukai, suna haki baki buɗe. Ya san abin da ya shigo gidansa, gama ya gani bara, ya gani bara waccan. Kafin rana ta yi zafi ya kama waɗanda su ke da sauran kuzari, ya ɗaure musu ƙafafu, ya ɗora bisa keke, sai kasuwa. Kirsimati ta yi kusa, masu saye suna da yawa. Ya sayar da araha, ya komo gida yana murna ya tsira da rabin dukiyarsa.

Tambayar da mu ke so mu auna tare da ku, 'yan'uwa, ita ce: ko mutumin nan ya yi laifi? Ba mu kawo maganar domin mu nuna wani da yatsa ba. Da yawa cikinmu mun yi haka, ko kuwa mun ba wani shawara ya yi, muna tsammani dabara ce ta mai hankali.

Bari mu fara da abin da masu bincike su ka gano. Ciwon da ya fi kashe kajin ƙauye da hunturu, Turawa suna kiransa ciwon Niyukasil, da sunan wani birni na Ingila, gama a can da tsibirin Jawa aka fara gane shi wajen shekara ta 1926. Abin da ke kawo shi wata ƙwaya ce ƙarama ƙwarai, irin wadda masana su ke kira bairus, ko madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ta. Tana fita cikin numfashin kaza, da majinarta, da kashinta. Tana manne wa kwando, da takalmi, da hannun dillali. Kaza kuma ta kan ɗauki ƙwayar kwana da kwanaki tana yawo tana tsince, ba alamar kome a jikinta. Watau kajin da mutumin nan ya zaɓa domin suna da kuzari, yawancinsu sun riga sun kamu. Wanda ya saya ya kai gida ya saki cikin nasa, kafin mako biyu akurkinsa ya zama kango.

Akwai kuma ciwo na biyu, shi ne murar tsuntsaye, irin wadda a ke kira H5N1. Cikin 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 su ka mutu, har hukuma ta sa aka karkashe kajin birnin duka, fiye da miliyan ɗaya. A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ita a wata gonar kaji kusa da Jaji cikin jihar Kaduna, wannan kuwa shi ne karo na fari da aka same ta cikin kajin Afirka. Cikin watan nan kuma aka same ta a Magarya ta ƙasar Nijar. A farkon 2007 wata mace mai shekara 22 ta mutu da ita a Ikko. Ta sake komowa Nijeriya cikin 2015, da kuma 2021. Cikin 2024 aka iske ta har a jikin shanun tatsa a Amurka. Nama da ya dahu sarai ba ya ɗauke da ita. Hatsarin yana wurin yanka, da figa, da gyaran kayan ciki, aikin da mata da yara su ka fi yi a gidajenmu.

Ga abin da ya kamata mu riƙe: ciwon nan biyu sun yi kama ƙwarai. Haki, da kumburin kai, da zawo, da mutuwa farat ɗaya, duka biyu suna kawo su. Ko likitan dabbobi da ya daɗe cikin aiki ba ya iya rarrabe su da ido, sai an kai gawar kaza ko majinarta ɗakin gwaji. Na farko kaji ya ke kashewa, ba ya yi wa mutum wani lahani mai yawa. Na biyu yana iya kashe mutum. Mai kajin da ya ruga kasuwa bai san wanne ya ɗauka a kekensa ba.

To, ina masu binciken nan su ke samun abin da za su gwada? A Vom, kudu da Jos, akwai gidan binciken ciwon dabbobi tun 1924. Akwai masana a wurin, akwai na'urori, ana kuma yin magungunan rigakafi. Cikin 2006 an aika da abin gwaji har ƙasar Italiya aka tabbatar da ciwon. Amma duk iliminsu, ba su kwana cikin akurkinmu. Wanda ya fara ganin ciwo shi ne mai gida, ko uwargida, ko yaron da ke ba kaji dusa. In ya faɗa, labari ya kai wurin malamin dabbobi, a ɗauki gawa a gwada, a san irin ƙwayar, a san inda ta bi, a tare ta. In ya yi shiru, masana suna nan zaune kamar mafarauci da ba a nuna masa sawu ba. Saboda haka mu ke cewa mai kaji shi ne farkon masu bincike, ko da bai taɓa shiga makaranta ba.

Labarin bushiya ya isa ya koya mana wannan. Annobar shanu ce wadda ta shigo Afirka ta bakin Bahar Maliya wajen 1887, bayan 'yan shekaru ta iso ƙasashen Tafkin Cadi da ƙasar Hausa. A wurare da yawa shanu tara cikin goma su ka mutu, Fulani masu garke su ka wayi gari ba ko ɗan maraƙi. Saboda ita ne aka kafa gidan nan na Vom. Daga baya wani likitan dabbobi Bature mai suna Walter Plowright, yana aiki a Kenya, ya samo allurar rigakafi wadda in an yi wa sa sau ɗaya ta ishe shi har mutuwarsa. Cikin 1962 aka fara babban gangamin allura a Nijeriya, da Nijar, da Kamaru, da Cadi. Ciwon ya yi kamar ya ƙare, mutane su ka saki jiki. Ashe saura ya ɓuya cikin waɗansu garkuna na nesa, cikin 1983 kuwa ya sake yin ɓarna mai yawa a arewacin Nijeriya.

A gangami na ƙarshe likitoci su ka sake hanya. A Habasha, da kudancin Sudan, da ƙasar Somaliya, su ka riƙa zama da makiyaya ƙarƙashin itace suna tambayarsu abin da su ka gani, da sunan da su ke kiran ciwon, da lokacin da ya bi ta wurinsu. Makiyayan su ka faɗi gaskiya, da bakinsu aka bi sawun ciwon har maɓoyarsa. An ga na ƙarshe cikin ɓaunayen daji a Kenya cikin 2001, cikin 2011 kuma aka yi shela bushiya ta ƙare a duniya. Ban da ita, agana kaɗai ce 'yan adam su ka taɓa kawarwa haka. Allura ta yi nata aiki, gaskiyar makiyayi kuma ta yi nata.

Amma kada mu yi hukunci ba mu ji ta bakin mai kajin ba. Zai ce, "Ni matalauci ne. Kajin nan su ne kuɗin makarantar 'yata, su ne kuɗin asibiti. In na faɗa, a zo a karkashe har masu lafiya. Cikin 2006 gwamnati ta yanka diyyar naira 250 kowace kaza, wa zai sayar mini da kaza mai ƙwai a wannan kuɗi? Mai saye kuma yana da idanu, kasuwa ce." Maganarsa tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Gaskiya ce mai faɗin gaskiya shi ke fara hasara, wani lokaci kuwa maƙwabta su ƙi shi domin ya jawo musu hukuma.

Duk da haka, mu duba maganar ɗaya ɗaya. Cewa mai saye yana da idanu ba ta tsaya ba, gama mun riga mun ga ciwon ba ya ganuwa da fari. Mai sayarwa ya san abin da mai saye ba shi da hanyar sani, a kan wannan rashin sani kuwa ya karɓi kuɗi. Da a ce ya faɗa, "Biyar sun mutu a gidana jiya," ba wanda zai taya. Cinikin da ba zai yiwu ba sai da shiru, ha'inci ne, ko da ba a furta ƙarya da baki ba. Batun talauci kuma, wanene ya ke sayen kaza mai araha? Ba mai kuɗi ba ne. Gwauruwa ce da ta tara kuɗin ƙuli-ƙuli domin ta fara kiwo. Hasarar ba ta ɓace ba, an ɗauke ta daga kan matalauci ɗaya an aza wa matalauta goma. Mu da mu ke koya wa 'ya'yanmu ƙaunar maƙwabci, ina za mu sa fuskarmu? Ciwon kuwa ba ya manta hanya: baɗi mutumin nan zai koma kasuwar nan ya sayi 'yan tsaki.

Sai dai akwai rabin maganar da ya faɗo a kanmu duka. In muna so mutum ya yi hasara domin garin ya tsira, ba daidai ba ne mu bar shi ya ɗauki kayan shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma tana da hakkin biyan diyya mai kyau, da sauri kuma, gama diyyar da ta yi kaɗan ko ta yi jinkiri koya wa mutane ɓoyo ta ke yi. Mu ma muna da namu. Unguwar da ke da gida talatin, in kowane gida ya ba da budurwar kaza ɗaya bayan malamin dabbobi ya ce wurin ya tsarkaka, mai gaskiyar nan ya koma kan ƙafafunsa. Kajinsu ne ya ceta, bashi ne su ke biya.

Abin yi ba shi da wuya. Kaza ta kamu, a ware ta. Wadda ta mutu a binne ta da zurfi ko a ƙone, kada a jefar bayan gida karnuka su ja. Kada a sayar, kada a yi kyauta da ita, kada yara su fige ta. A gaya wa maƙwabta, a gaya wa malamin dabbobi a ranar. Sabuwar kaza daga kasuwa ta yi mako biyu a keɓe kafin ta gamu da na gida. Kafin hunturu kuma a nemi rigakafin Niyukasil. Masana a Ostareliya sun samo wani iri mai jimre zafi, ana kiransa I-2, ɗigo ɗaya a ke sa wa kaza a ido, ana maimaitawa bayan wata uku ko huɗu, ana kuwa yinsa a Vom.

Hunturu yana zuwa. Wani cikin masu karanta takardan nan zai buɗe akurki wata safiya ya ga abin da ba ya so ya gani, keke kuma yana jingine a zaure. Muna roƙonsa, kafin ya ɗauki igiya, ya tuna da gidan da kajin za su kwana. Sauranmu kuwa mu shirya tun yanzu, domin in ya zo ya faɗa mana gaskiya, kada ya koma gida hannu wofi.