Hukuncin Man Shimfiɗar Kwalliya Da Zaɓen Launinsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata mas'ala wadda ba safai a ke zama a kanta a zaurukan karatu na birnin Zazzau ba, domin malamai suna ganin maganar mata ce, su kuwa mata kunya ta kan hana su kawo ta gaban malam. Mas'alar ita ce ta man nan da a ke shimfiɗa wa fuska kafin a sa hoda, wanda 'yan mata su ke kira fandeshan. Mai karatu ya iya cewa wannan ƙaramin abu ne da bai kai a ɓata masa tawada ba. To, amma abin da ya taɓa alwala, ya taɓa aure, ya kuma taɓa lafiyar jiki, ai ya wuce a kira shi ƙarami.

Asalin ado halal ne. Suratul A'arafi, aya ta 32, ta yi inkari ga wanda ya haramta ƙawar da Allah Ya fitar domin bayinSa, kuma tun kaka da kakanni matan Kwarbai da Kaura da Juma sun san lalle da kwalli da man kaɗanya, ba a kuwa ji malaman Kona sun hana su ba. Iyakar wanda ya halatta a bayyana wa adon kuwa tana cikin Suratun Nuri, aya ta 31, kuma sananniya ce. Abin dubawa a nan shi ne zaɓen man kansa.

Da yawa daga cikin mata fatar fuskarsu hali biyu gare ta. Goshi da hanci da haɓa su kan yi maiƙo, domin ƙofofin da ke fitar da mai sun fi yawa a nan, alhali kuwa kumatu a bushe su ke. A ƙasar Zazzau yanayi ya kan ƙara wa abin ƙarfi. Idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai kumatu su yi furu-furu har su tsage. Idan bazara ta shigo a Maris da Afrilu, sai goshi ya dinga ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa. Mai irin wannan fata idan ta sayi man da ke da maiƙo, kumatunta za su ji daɗi, amma goshi da hanci su cika da ƙuraje. Idan ta sayi mai busarwa ƙwarai, goshi ya lafa, kumatu su dare kamar ƙasar fadama da rani. Abin da masana fata su ke ba da shawara shi ne a nemi marar nauyi, wanda aka haɗa da ruwa, wanda ba ya toshe ƙofofin fata. A fara shafa wa kumatu ɗan mai mai laushi, hoda kuwa a taƙaita ta ga goshi da hanci da haɓa. Watau a bai wa kowane sashe abin da ya ke bukata, kada a yi wa fuska duka hukunci ɗaya. Wannan bai da wuya, kuma shari'a ba ta da ja a kansa, gama kiyaye jiki daga cuta yana cikin abin da ta yi umurni da shi.

Inda wuyar ta ke shi ne launi. Ga yarinya ta fito ta Ƙofar Doka, ta ratsa Tudun Wada, ta isa kasuwar Sabon Gari, ta tsaya gaban mai kayan kwalliya. Hanyar gane launin da ya dace sananniya ce ga masu sana'ar: a ɗiga man a kan muƙamuƙi, tsakanin fuska da wuya, a fita hasken rana, a dakata kaɗan domin wani ya kan ƙara duhu idan ya sha iska; wanda ya ɓace cikin fata har ba a iya nuna inda ya tsaya, shi ne nata. Amma sau nawa a ke ganin ta ajiye wanda ya ɓace, ta ɗauki wanda ya fi ta haske da mataki biyu ko uku? Daga nan sai a ga fuska fara, wuya da kunnuwa da bayan hannu kuwa suna ba da shaida a kanta.

A da akwai uzuri. Kamfanonin Turawa da suka fara wannan sana'a, irin su Max Factor a Amurka cikin shekarun 1930, farar fata suka fi yi wa aiki, har sai da Eunice Johnson ta kafa Fashion Fair a 1973 domin baƙaƙen mata. A 2017 kamfanin Fenty Beauty ya fito da launi 40 a tashi ɗaya, kuma a nan Nijeriya akwai irin su House of Tara da Zaron da ke haɗa wa baƙa da wankan tarwaɗa nasu. Saboda haka wadda ta zaɓi mai haske a yau, galibi ba rashin nata ne ya sa ta ba. Wani abu ne a zuci ya gaya mata cewa launin da aka halicce ta da shi aibi ne da ke bukatar rufi.

Nan ne mas'alar ta tashi daga kasuwa ta koma ga tauhidi. Suratur Rumi, aya ta 22, ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, ta kuwa jera shi tare da halittar sammai da ƙasa. Abin da Mahalicci Ya kira aya, yaya bawa zai kira shi aibi? Man da ya dace da launin mace yana gyara abin da ke nan ne: ya rufe tabon ƙurji, ya daidaita inda rana ta ƙona. Wanda ya fi ta haske kuwa wata fuska ce dabam ya ke ɗora mata. Na farkon ado ne, na biyun kuwa ya fi kama da ƙorafi a kan rabon da aka yi mata.

Sai dai wajibi ne a yi adalci, kada a ɗora wa abu hukuncin da ya fi shi nauyi. Wasu masu wa'azi su kan yi saurin cewa duk kwalliyar zamani canja halittar Allah ce. Ba haka manyan Malikawa suka tafi ba. Imam Ƙurɗubi, wanda ya rasu a shekara ta 671 bayan Hijira, ya bayyana a tafsirinsa na aya ta 119 cikin Suratun Nisa'i cewa hanin ya shafi canjin da ke dawwama ne, amma abin da ba ya dawwama, kamar kwalli, Imam Malik da waninsa sun halatta shi. Man da sabulu ke wankewa da dare bai shiga wannan hani ba, ko da launinsa bai dace ba. Abin tsoro gare shi shi ne inda ya ke kai mai shi. Wadda ta saba ganin kanta fara a madubi da rana, da wuya ta jure ganin kanta baƙa da dare, daga nan sai ta nemi abin da zai tabbatar da farin, watau man bilicin.

Shi kuwa wannan ba shi da mai kare shi. Irin waɗannan mayuka su kan ƙunshi sinadarin haidurokwinon, ko makuri, ko magungunan sitiroyid masu ƙarfi. Suna sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, rauni ya ƙi warkewa da wuri, makuri ya taɓa ƙoda, kuma bayan shekaru kumatu su kan yi wani baƙi mai wuyar magani wanda ya fi na asali duhu nesa ba kusa ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ambaci kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya a matsayin masu amfani da irin wannan mai, ko da ya ke asalin adadin bincike ne da aka yi a Ikko, ba ƙasar duka ba. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana al'amarin a matsayin matsalar gaggawa ta lafiyar ƙasa. Ga canji mai dawwama, ga cutar da kai. Dalilai biyu sun haɗu.

Game da aure kuma akwai bambanci da ya kamata a kiyaye. Aibobin mace da Malikawa suka ce suna ba miji zaɓin warware aure su ne hauka da kuturta da albaras da abin da ke hana saduwa. Ƙuraje da tabo ba su ciki, don haka wadda ta rufe tabonta ba ta ha'inci kowa ba. Amma wadda ta rufe albaras ga mai neman aurenta ta shiga cikin abin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da hatsin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya bar busasshen a sama, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu ya tono shi, ya kira aikin algus. Haka nan an umurci Mugira ɗan Shu'uba ya dubi wadda zai aura domin zama ya ɗore, dubin kuwa bai da amfani idan fuskar aro aka gani.

Kada kuwa maza su ɗauka sun tsira. Wane ne ya ke aika ƙanwarsa ta nemo masa mata, sharaɗin farko ta zama fara? Wace uwar miji ce ba a taɓa ji ta kushe amarya da baƙi ba, alhali ɗanta ya fi gawayi? Kasuwa ba ta kawo abin da ba a nema. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa a cikin Nurul Albabi da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci suna karantar da na waje. Wanda ya bar 'yarsa ta tashi ba ta san darajar halittarta ba, bai yi nisa da wannan zargi ba.

Saura maganar alwala, wadda ita ce ta fi gaggawa, domin kullum sau biyar a ke bukatarta. Duk yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san farillan alwala bakwai ne, cikinsu har da wanke fuska da cuɗawa. Sharaɗi ne ruwa ya isa ga fata. Lalle launi kawai ya ke bari, ba ya tare ruwa, shi ya sa ba a yi saɓani a kansa ba. Man shimfiɗa kuwa jiki gare shi, musamman irin wanda a ke tallarsa da cewa ruwa da gumi ba su ɗaga shi. Abin da mai talla ya ke yabo, shi ne ainihin abin da ke ɓata alwala. Kuma mai fata hali biyu ta fi kowa shiga wannan tarko, domin maiƙon goshinta ya kan tura ta ga irin mai kama jiki ɗin nan. An ruwaito cewa an mai da wani mutum ya sake alwala saboda lam'a gwargwadon farce a ƙafarsa. To, ina ga fuska ɗungum? Shafa a kan huffi an yi rangwame da ita, haka a kan ɗaurin karaya da rauni, amma babu littafin da ya zo da shafa a kan kwalliya.

An fi ganin ɓarnar ranar biki. A kan zaunar da amarya gaban mai kwalliya tun hantsi, a biya kuɗi masu yawa, sa'an nan a yi kiran azahar a Masallacin Juma'a na ƙofar fada, a yi la'asar, a yi magariba, ita kuwa tana tsoron ruwa kamar gishiri, ƙawaye suna cewa ta bari ta rama da dare. Kwalliya ba ta cikin uzurorin da ke halatta fitar da salla daga lokacinta. Ga shi kuwa mafitar ba ta da tsada: a tsara zaman kwalliya bayan azahar, amarya ta yi cikakkiyar alwala kafin a taɓa fuskarta, domin man da aka shafa bayan alwala ba ya warware ta, tana iya yin la'asar da magariba da ita muddin ba ta yi abin da ke karya ta ba. Idan ta karye, sai a wanke a sake, a kuma yi wannan sharaɗi da mai kwalliya tun wajen ciniki. Ita ma mai sana'ar tana da nata rabo na alhaki ko na lada, gama babu abin da zai rage mata idan kafin ta buɗe akwatinta ta tambayi wadda ke zaune gabanta, “Amarya, kin yi alwala?”