Aikin Gida da Duniya Za Ta Karanta

Aikin gida da muka saba da shi mutum ɗaya ke karantawa, wato malami. Ya ba da maki, takarda ta koma kwali, wata rana a ƙunsa ƙosai da ita. Tun 2010 wasu jami'o'in Amurka suka ɓullo da wata hanya: a sa ɗalibi ya rubuta ko ya gyara muƙala a Wikipedia, inda kowa zai karanta. Shin ya dace a ɗora wa mai koyo nauyin da zai shafi jama'a?

Mu duba ƙasar Yauri. Da aka kammala madatsar ruwan Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tayar da dubban mutane, ciki har da Gungawa masu magana da harshen Reshe. Yau matashi a Yelwa ko Wara, idan yana son sanin inda kakanninsa suka taso, waya yake ɗaukowa, kuma abin da ya tarar shi zai riƙe. Ke nan wanda ya rubuta masa ya ɗauki amana.

Masu ja da wannan tsari suna da hujja. Ɗalibin da maki kawai yake nema zai iya kwafo aikin wani, ya bar 'yan sa-kai da shara. Kuskure kan jerin sarakuna, ko kan wanda ya fara zama a wani gari tsakanin Kambari da Shangawa da Gungawa, na iya tayar da husumar da ta fi ƙarfin aji. Ga kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke kwasar bayani daga Wikipedia suna maimaitawa.

Duk da haka ina goyon bayan tsarin, saboda ƙa'ida ɗaya da Wikipedia ta tsaya a kai: duk abin da ka faɗa, kawo madogara. Mu ba baƙin wannan ba ne. A zauren karatu an koya mana tambayar isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji? Ɗalibin Ngaski da aka sa ya rubuta tarihin Yauri dole ya nemo binciken Farfesa Mahdi Adamu Ngaski kan Yauri a ƙarni na 19, wanda ya gabatar a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. Sai ya auna shi da abin da Richard da John Lander suka rubuta bayan zamansu a Yauri a 1830. A nan zai koyi bambanta ganin baƙo da binciken ɗan gida. Kuma kowane gyara yana nan a ajiye da sunan mai shi, ba inda za a ɓuya.

Sai dai wannan ƙa'ida tana da ciwo. Labarin da kaka ta bayar game da tsibirinsu ba ya shiga muƙala, tun da ba a wallafa shi ba. Maganin ba ƙirƙirar madogara ba ne. A naɗi muryarta da izininta, a rubuta, a wallafa a mujalla, sannan wani ya kafa hujja da shi.

Don haka tallafa wa irin wannan aji ya wuce raba data. Malami ya fara koyon gyara da kansa. Ɗalibi ya yi rubutu a shafin gwaji, a duba kafin a fitar. A nemi taimakon ƙungiyar masu gyara Wikipedia ta Hausa tun farkon zango. A ba da maki kan ingancin madogara, kada a ƙirga yawan muƙaloli. Malamin da ba zai iya duba aikin ɗalibai talatin ba, ya raba su rukuni shida, kowane rukuni ya riƙe gari ɗaya na bakin tafkin.