Gajiyar da Ɗan Kallo Ba Ya Gani

A ƙasar Ostireliya akwai wani wasan ƙwallo da mutanen birnin Melbon suka ɗauka da zafi kamar yadda matasanmu suka ɗauki gasar Firimiya ta Ingila, ko ma fiye. Ƙwallon mai siffar ƙwai ce, filin ma haka, kuma ya fi filin ƙwallon ƙafa girma nesa ba kusa ba. Kowane ɓangare mutum 18 ne a cikin fili. Ana buga ƙwallon da ƙafa, ana naushinta da dunƙulen hannu zuwa ga abokin wasa, amma ba a jifa da ita. A kowane ƙarshen fili akwai turaku huɗu: wanda ya buga ta bi tsakanin na tsakiya ya ci maki 6, in ta bi ta gefe maki 1. Babu dokar satar gida, saboda haka gaba da baya duk na kowa ne, kuma gudu ba ya ƙarewa.

Gudun nan shi ne tushen maganata. Wasan zango huɗu ne, kowane zango minti 20, amma da yake ana tsayar da agogo duk lokacin da ƙwallo ta fita ko aka ci, zango ɗaya yakan kai kusan rabin awa. Ɗan wasan tsakiya yakan yi gudun kilomita 12 zuwa 15 a wasa guda, ga karo, ga kokawa, ga tsalle ana dira a kan kafaɗar juna, kuma babu sulke a jikin kowa. A da koci yana iya fitar da ɗan wasa ya huta a benci ya mayar da shi sau nawa ya ga dama. Hukumar gasar, AFL, ta ƙayyade canjin zuwa 120 a shekarar 2014, ta rage zuwa 90 a 2016, sannan 75 a 2021. Da gangan ta yi, domin 'yan wasa su gaji, cunkoso ya ragu, fili ya buɗe. Wato gajiya tana cikin dokar wasan, an gina shi a kanta.

To amma wanda ke zaune a saman babban filin MCG, cikin mutum dubu ɗari, me yake gani a zango na huɗu? Yana ganin ɗan wasa ya bar abokin hamayya ya wuce shi da taku biyu. Yana ganin bugun da aka saba kai wa ƙirjin abokin wasa ya faɗi ƙasa. Daga can sama, ƙafar da ta mutu da zuciyar da ta mutu kamarsu ɗaya. Shi ya sa washegari, a shirye-shiryen rediyo da masu sauraro ke bugo waya, kalmomin ba sa sauyawa: yaran nan ba su da kishi, koci ya ƙare, a kore shi.

Babu kulob ɗin da ya san wannan kuka kamar Richmond. Ya ci kofi a 1980, daga nan ya shiga fari na shekaru. A wancan lokaci ƙungiyoyi takwas na sama ne ke shiga wasannin neman kofi, shi kuwa Richmond sau shida yana ƙarewa a na tara tsakanin 1994 da 2008. Magoya bayansa suna da yawa, suna da zafin kai, kuma kulob ɗin ya yi suna wajen sallamar masu horarwa da zarar ihu ya yi ƙarfi. A zamanin koci Danny Frawley har wani mai goyon baya ya kawo lodin kashin kaji ya jibge a ƙofar ofishin kulob ɗin da ke Punt Road. Ina faɗin wannan ne don a san irin mutanen da Damien Hardwick ya tarar lokacin da ya karɓi aikin koci a kakar 2010, ya kuma sha kaye a wasanni tara na farko a jere.

Sannu a hankali ya ɗaga su. A 2013 da 2014 da 2015 sun shiga wasannin neman kofi, amma duk sau ukun a wasan farko aka yi waje da su. Sai 2016 ta zo da rugujewa: wasa takwas kacal suka ci cikin 22, suka ƙare a na 13, kuma a wasan rufe kaka Sydney ta lallasa su da ratar maki 113. Shekara bakwai ke nan Hardwick yana kan kujera ba tare da ya ci ko wasa ɗaya na neman kofi ba. Wasu magoya baya suka kafa ƙungiya mai suna Focus on Footy da niyyar kifar da hukumar gudanarwar kulob ɗin.

Ban ga laifin fushinsu ba. Mutumin da ya sayi katin zama mamba shekara da shekaru, ya ɗauki 'ya'yansa cikin sanyin hunturun Melbon ya kai su fili, ya dawo da su suna kuka, yana da haƙƙin ya yi magana. Kuma abin da idonsu ya gani gaskiya ne: 'yan wasan suna taka ƙwallo a ɗarare, kowa na tsoron kuskure, ana ta mayar da ita baya da gefe. Inda suka kauce shi ne wajen sanin cutar. Sun ga alama, suka yanke hukunci a kan mutum.

Shugabar kulob ɗin, Peggy O'Neal, lauya haifaffiyar Amurka kuma mace ta farko da ta shugabanci kulob a gasar, tare da babban jami'in gudanarwa Brendon Gale, suka ƙi korarsa. Amma ba su ce a ci gaba yadda ake ba. An sauya mataimakan koci, aka kawo Blake Caracella da Justin Leppitsch, aka ɗora tsohon hannu Neil Balme a kan sashen ƙwallo, aka ɗauko Dion Prestia da Josh Caddy da Toby Nankervis. Babban sauyin kuwa a jikin Hardwick kansa ya faru. Daga baya ya sha faɗa a fili cewa a 2016 ya matsa wa kansa da yaransa, ya cika musu kai da umarni, ya fi kallon abin da ba su iya ba a kan abin da suka iya. Ya sassauta. Aka fara wani zama inda kowane ɗan wasa zai tashi gaban 'yan uwansa ya ba da labarin wahalar da ya sha a rayuwa, da ranar farin cikinsa, da mutumin da yake koyi da shi. A fili kuma aka sauƙaƙa tsari: a tura ƙwallo gaba ko ta halin ƙaƙa, ƙananan 'yan gaba masu sauri su rufar wa duk wanda ya riƙe ta.

Abin da ya kamata a lura da shi, sabon salon ya fi tsohon cin ƙarfi. Farautar mai ƙwallo daga farko har ƙarshe gudu ne a kan gudu. Amma yaran da aka ce ba su da kishi a 2016 su ne suka yi wannan gudun a 2017, mafi yawansu ba a sauya su ba. Ashe nauyin da ke kansu a ka yake, ba a cinya ba. A wasan ƙarshe suka doke Adelaide da maki 108 da 60, kofi na farko cikin shekara 37. Suka sake ɗauka a 2019 bayan sun ragargaji GWS da ratar maki 89, suka ƙara a 2020. Dustin Martin ne gwarzon wasan ƙarshe a duka ukun. A 2018 mambobin kulob ɗin suka haura dubu ɗari, abin da babu kulob ɗin da ya taɓa yi kafin nan.

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce mahaƙurci mawadaci a tashi. Amma sashen da ya fi koya mini abu yana gaba.

Kofin 2020 ya zo da tsada. Annobar korona ta rufe jihar Victoria, aka kwashe ƙungiyoyinta, har da Richmond, zuwa jihar Queensland, aka zaunar da su a masaukai na tsawon watanni, da yawa ba tare da iyalansu ba. An rage zango zuwa minti 16 saboda wasannin sun matsu, wani lokaci kwana huɗu ko biyar ne tsakani. An zabtare kuɗin da kulob zai iya kashewa a kan masu horarwa da ma'aikata, aikin mutum biyu ya koma kan mutum ɗaya. Wasan ƙarshe ma a Birisben aka buga shi, da dare, a ƙarshen watan Oktoba. Sannan ga tsarin gasar kanta, wanda aka yi shi don kada kowa ya daɗe a sama: ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓar matasan 'yan wasa, zakara shi ne na ƙarshe, kuma akwai iyakar albashin da ba a tsallakewa. Saboda haka mai cin kofi yana tsufa a tsaye, ga shi duk shekara yana buga wasanni fiye da na ƙasa, hutunsa kuma ya fi gajarta.

A 2021 Richmond bai shiga takwas ba. A 2022 Brisbane ta fitar da shi da maki biyu. A 2023, bayan wasa goma, uku ya ci, ya yi canjaras ɗaya, ya faɗi shida, na ƙarshen a hannun Essendon da maki ɗaya tak. Kwanaki kaɗan bayan haka, cikin watan Mayu, Hardwick ya ajiye aiki da kansa, alhali kwantiraginsa bai ƙare ba kuma babu wanda ya kore shi. Ya ce ya gaji. Ya kwatanta kansa da mai gashin nama da ya gwada hanya dubu, ya nemi ta dubu da ɗaya ya rasa.

Wannan magana ta zauna mini. A 2016 kowa na cewa ya ƙare, alhali da sauransa, domin yana da abin da zai sauya kuma yana da ƙarfin sauyawa. A 2023 kuwa mafi yawan magoya baya da sun bar shi ya zauna har ya ga dama, saboda kofuna uku, alhali shi ya san rijiyar ta ƙafe. Sau biyu ke nan 'yan kallo suna karanta mutum ɗaya a juye. Ba don ba su san ƙwallo ba, wasunsu sun fi shekara hamsin suna kallonta. Sakamako kawai suke iya gani, shi kuwa sakamako yakan makara: yana nuna gajiyar bara, yana ɓoye ta bana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai ƙorafi ɗaya da ba zan tsallake ba, domin yana da nauyi. Wata uku bayan ya ce ya gaji, a watan Agusta, Hardwick ya sa hannu a kwantiragin shekara shida da ƙungiyar Gold Coast. Wasu magoya bayan Richmond suka ji zafi. Suka ce wace irin gajiya ce ke warkewa cikin wata uku? Suka ce ya hango tsufan 'yan wasa, ya ga an ba da damar zaɓen matasa an ɗauko Tim Taranto da Jacob Hopper, sai ya zame ya bar wani da ɓaraguzai. Kuma lalle ɓaraguzan sun zo: Trent Cotchin da Jack Riewoldt suka yi ritaya a ƙarshen 2023, Martin ya bi su a 2024, shekarar da Richmond ya ci wasa biyu kacal ya zo na ƙarshe a ƙarƙashin sabon koci Adem Yze.

Ina jin zafinsu, amma ban yarda da hukuncinsu ba. Akwai gajiyar aiki, akwai gajiyar wuri. Duk malamin da ya shekara goma sha yana koyar da aji ɗaya ya san ranar da muryarsa ta daina shiga kunne: yana buɗe baki yara sun san abin da zai faɗa. Iliminsa bai ragu ba, kai shi wata makaranta ka ga yadda za a saurare shi. Hardwick ya yi fiye da shekara goma sha uku yana magana da wasu mutane a ɗaki ɗaya, wasa 307. Da ya zauna don kunya ko don albashi, da ya ci amanar kulob ɗin fiye da yadda tafiyarsa ta yi. Abin da zan iya riƙe shi da shi kawai shi ne lokaci, domin barin aiki a tsakiyar kaka yana jefa na baya cikin ruɗani. Wannan kuwa laifi ne ƙarami a kan na wanda ya san ya ƙare ya ƙi tashi.

Mu ma da ba mu taɓa riƙe ƙwallo mai siffar ƙwai ba muna zama a kujerar ɗan kallo kullum. Ma'aikaciyar jinya da ta amsa maka a gajarce da asuba, ba ka san ko tun jiya da yamma take tsaye ba. Yaron shago da ya fara kuskuren lissafi bayan shekaru yana daidai, kafin a kira shi ɓarawo ko malalaci, wa ya tambaye shi yaushe rabonsa da hutu? Uwar gida da girkinta ya sauya, direban da ya fara saurin fushi, limamin da huɗubarsa ta koma maimaici. Mun iya cewa wane ya lalace. Ba mu cika tambayar ko nauyi ne ya yi yawa, ko umarni ne ya cika masa kai, ko kuwa zamansa a wurin ne ya kai iyaka ba. Uku ne daban-daban, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne: na farko hutu yake so, na biyu sassauci, na uku sallama cikin mutunci. Abin da shugabannin Richmond suka yi daidai a 2016 shi ne sun zauna sun bincika wanne ne a ciki kafin su yanke, a lokacin da ihun waje ke neman su yanke kafin su bincika.

Gold Coast ta shiga gasar tun 2011, kuma ba ta taɓa kaiwa wasannin neman kofi ba sai a 2025, kaka ta biyu ta Hardwick, inda ta je har Perth ta fitar da Fremantle da maki ɗaya. A ganina mutumin gaskiya ya faɗa ranar da ya ce ya gaji, kuma gaskiya ya yi ranar da ya karɓi sabon aiki.