Wa ya cancanci a bi shi ba a ga fuskarsa ba?

Ɗan Adam yana girmama abin da aka lulluɓe masa. Masu ƙera wasannin bidiyo sun gane haka, shi ya sa wasan Assassin's Creed, wanda kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a shekarar 2007, ya kama zukatan matasa. Labarinsa yana gudana a 1191. Wata ƙungiyar asiri ce ke bin wani dattijo da ake kira Al Mualim, wato malam. Ya umarci almajirinsa Altair ya kashe mutum 9, almajiri ya cika aiki, daga baya ya gano malamin mulkin zukatan jama'a yake nema wa kansa.

Ƙagaggen labari ne, amma tushensa yana cikin tarihi. A 1090 Hasan Sabbah ya kama ganuwar Alamut a ƙasar Farisa, ya kafa daular Isma'iliyya Nizariyya. A Sham kuwa Rashiduddin Sinan ne ya jagorance su daga Masyaf, shi ne Turawa suka laƙaba wa Tsohon Dutse. Da Mongol suka rusa Alamut a 1256 littattafansu da yawa sun ƙone, sai abokan gabansu da matafiya irin su Marko Polo suka riƙa ba da labarinsu yadda suka ga dama. Asiri kan cuci mabiyi, ya kuma cuci mai shi, domin wanda bai faɗi labarinsa ba wani zai faɗa masa.

Mu ma a nan muna da namu ɓoyayyun bayin Allah. Daga Gabi zuwa tafkin Madarunfa ba nisa, kuma a kewayensa ne ake ziyartar kaburburan waliyyai 99, waɗanda Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006 tare da tafkin da dajinsa. Mai ziyara yakan zo, ya yi addu'a, ya koma gida da natsuwa. To, mene ne bambancin wannan girmamawa da ta almajirin Al Mualim?

Bambancin yana ga abin da aka ɓoye. Waliyyi kansa yake ɓoyewa don gudun yabo, halinsa kuwa a fili yake. Shugaban asiri manufarsa yake ɓoyewa, ya bar sunansa yana tsorata mutane. Na kwance a Madarunfa ba su aiki kowa ya zubar da jini ba, ba su nemi rantsuwar kowa ba. Kano ta ga ɗaya nau'in a Disamban 1980, lokacin da almajiran Muhammadu Marwa Maitatsine suka bi shi ido rufe, aka rasa rayuka fiye da 4,000.

Wani zai ce ai ilimi kansa ba ya samuwa sai da miƙa wuya, domin yaro yakan wanke allo ya rubuta abin da bai fahimta ba tukuna. Gaskiya ne. Sai dai malamin allo yana zaune a zaure, garin duka ya san asalinsa, littafin da yake karantarwa yana hannun kowa, kuma burinsa almajiri ya sauke ya tsaya da ƙafarsa. Biyayyar da ke ƙarewa da buɗe ido tarbiyya ce. Wadda ke hana tambaya har abada bauta ce.

Don haka, ya ku malamai ƴan uwana, idan ɗalibi ya zo da labarin wannan wasa, kada mu kore shi da tsawa. Mu zaunar da shi mu tambaye shi: a wane lokaci ya kamata Altair ya tsaya ya nemi dalili? Yaron da ya saba da wannan tambaya a aji zai tuna da ita ranar da wani baƙo ya kira shi gefe, ya ce masa akwai babban mutum a daji da ke son ganinsa.